Ranar Da Na Makantar Da Kwamfutata

'Yan'uwa ɗalibai, tun kafin in yi nisa bari in nemi gafarar mutanen sashen ilmin kwamfuta, domin yau zan shiga gonarsu ba tare da sallama ba. Ni ɗalibin Hausa ne. Abin da aka koya mini shi ne nahawu da adabi da al'ada, su ɗin ma ba wai na ƙoshi ba ne. Amma a cikin watan Nuwamba na shekarar 2025 wani abu ya same ni wanda ya tilasta mini koyon karatun da ba ya cikin kwas ɗinmu ko ɗaya, kuma ba a ɗakin lacca na koye shi ba, a wani ɗan shago ne cikin Babbar Kasuwar Kaduna, ina zaune bisa benci cikina ya ɗuri ruwa. Na san akwai da yawa daga cikinmu masu irin kwamfutata, masu kuma irin karambanina, saboda haka na ga ya kamata in ba da labarin yadda ya faru, ko da za a yi mini dariya.

Kwamfutar tawa 'yar tafi-da-gidanka ce, ta gwanjo, irin waɗanda ake jibgo mana daga Turai bayan sun gama yi wa iyayen gijinsu na farko bauta. Kawuna ne ya saya mini ita a nan kasuwar sa'ad da na shiga aji biyu. Batirinta ba ya riƙe wuta fiye da awa guda, harafin "a" kuwa ya goge sarai don yawan dannawa, abin da duk mai rubutun Hausa ya san dalilinsa. Duk da haka ba ta taɓa ba ni kunya ba. A cikinta nake rubuta kundina na neman digiri, a kan kalmomin kaɗi da saƙa a bakin tsofaffin mata.

To, ba kundin ne babban abin da ke cikinta ba. Kundi in ya ɓata ana iya sake shi, ko da ana kuka. Abin da ba ya sakuwa shi ne muryar kakata, wadda ta haifi mahaifiyata, muna ce mata Iya. A farkon shekarar 2025 na yi ta zuwa wurinta a Tudun Wada ina ɗaukar hirarmu da waya, har zama goma sha ɗaya. Ta bi da ni tun daga gurzar auduga, da shiɓa da baka, da yadda ake naɗa sutu, da yadda ake shafa alli a yatsa kafin a murza mazari, har zuwa bambancin abawa da arafiya. Tana yi tana tsokanata, wai mijinta na boko bai san taskira ba amma shi ne zai zama malamin Hausa. Da wayar ta cika sai na kwashe hirarrakin duka na zuba a kwamfuta, na goge na wayar. Cikin damina Allah ya yi mata rasuwa. Watau dai duk duniya babu inda muryarta ta rage sai cikin wannan tsohuwar na'ura, ni kuwa ban ajiye kwafi ko'ina ba. Kullum sai in ce gobe.

Ga yadda na jawo wa kaina. Babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfutar, watau wadda sauran manhajoji ke zaune a kanta kamar yadda ɗakuna ke zaune bisa harsashi, ita ce Windows 10. Kamfanin Microsoft ya daɗe da sanar da cewa daga ranar 14 ga Oktoba, 2025 zai daina kula da ita yadda ya saba, gyare-gyaren tsaro da ake aikowa kowane wata za su tsaya, sai dai ga wanda ya shiga wani shiri na ƙarin wa'adi. Wadda ta gaje ta, Windows 11, ta fito tun 2021, amma tana da sharuɗɗanta. Tana son ƙwaƙwalwar sarrafawa ta zamani, in ta Intel ce galibi daga zuriya ta takwas zuwa sama, da wani ɗan abin tsaro da ake kira TPM 2.0. Tawa zuriya ta shida ce, kuma duk wanda ya zaga shagunan 'yan gwanjon kwamfuta ya san irinta suna nan jibge. Ba wai ranar 15 ga wata ta daina aiki ba ne, a'a, tana nan tana yi. Ni ne dai hankalina ya ƙi kwanciya.

Akwai wani abokina a ɗakin kwananmu, ɗan sashen kwamfuta, wanda ba ya buɗe baki sau uku bai ambaci Linux ba. Shi ya ba ni labarin wani ɗalibi mutumin ƙasar Finlan, Linus Torvalds, wanda ya fara rubuta ta a 1991 yana Jami'ar Helsinki, ya sake ta kyauta, duniya ta taru tana ƙara mata gini. Ya ce akwai wani nau'inta mai sauƙin sha'ani ana ce da shi Ubuntu, wanda wani mutumin Afirka ta Kudu, Mark Shuttleworth, ya kafa a 2004, sunan ma daga harsunan Zulu da Kosa aka ɗauko shi, ma'anarsa ta yi kusa da abin da mu muke kira mutuntaka. Ya ƙara da cewa a cikinta akwai tsarin madannai na Hausa, ƙ da ɗ da ɓ duk suna nan a shirye. Ya san inda zai kama ni. Ka gaya wa ɗalibin Hausa an yi manhaja mai suna da harshen Afirka, kuma ta san haruffa masu lanƙwasa, ai ka gama da shi. Ya zuba mini ita a filash, ta 24.04, watau fitowar watan Afrilu na 2024, haka suke lissafin sunayensu. Ya ce in bari sai mun dawo daga hutun ƙarshen mako mu yi tare. Shi ya tafi garinsu, ni na tafi gida Unguwar Kanawa, filashin na cikin aljihuna yana yi mini susa. Daren Jumma'a bayan lisha na kama aiki ni kaɗai.

Gaskiya sakawar ba ta ba ni wahala ba. Na zaɓi a zaunar da ita gefen Windows kada a taɓa kayana, aka yanka mata fili a faifan ajiya kamar yadda ake yanka wa ƙane fili a gidan gado. Ta tashi lafiya lau, allo tas, na yi ta buga ƙ da ɗ ba gaira ba dalili don murna. Da a nan na tsaya da ba ku ji wannan labari ba. Sai na tuna abokin nan nawa ya taɓa cewa kwamfutata tana da na'urar hoto biyu, ƙarama da ke cikin ƙwaƙwalwar sarrafawa, da babba mai zaman kanta, kuma wai babbar ba ta nuna ƙarfinta sai an saka mata direba na kamfanin da ya ƙera ta. Me zan yi da ƙarfin hoto, ni da ba na komi sai rubutu? Ban tambayi kaina ba. Na laluba a intanet na samo waɗansu layukan umarni na kwafa na zuba. Ana cikin saukewa sai ta ce in ƙirƙiri wata kalmar sirri, na rubuta wani abu don dai ta ƙyale ni. Na kuma zaɓi cewa daga yanzu babbar na'urar ce za ta riƙa ɗaukar aikin duka. Sa'an nan na kashe na kunna.

Sai ga wani shuɗin allo wanda ban taɓa gani ba, da ƙananan rubutun Turanci, da 'yan zaɓuɓɓuka a jere. Mu ɗalibai mun saba ba mu karanta komi sai abin da za a tambaye mu a jarrabawa. Na ga na sama yana cewa a ci gaba da tashi, na danna shi. Alamar Ubuntu ta fito ta ɗan jima, sa'an nan allo ya yi baƙi ƙirin, ba komi sai wani ɗan layi fari a kusurwar sama ta hagu yana ƙyaftawa. Fanka na juyawa, fitilar wuta na ci, amma babu hoto. Na jira minti goma. Na kashe na kunna, haka. Na sake, haka.

Abin da ruɗewa ta hana ni lura da shi shi ne, a lokacin nan Windows tana nan lafiyarta ƙalau. Jerin zaɓin da ke fitowa da farko yana nuna sunanta ƙiri-ƙiri, da na sauko ƙasa na danna shi da na shiga na kwashe kayana a tsanake. Amma wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Na ɗauki waya na shiga neman magani, wannan ya ce kaza, wancan ya ce kaza, kowa da cutar da yake yi wa magani, ni kuwa ban ma san sunan tawa cutar ba. Na kira abokin nawa, wayarsa a kashe. Can na ga wani ya ce a shiga bayos, watau saitin da ke cikin jikin na'urar tun kafin kowace manhaja ta tashi, a sauya daga UEFI zuwa Legacy. Na shiga na sauya, na taɓa nan na taɓa can, na fito. Wannan karon ko alamar Ubuntu ban gani ba. Jerin zaɓin ma ya ɓace. Layi ɗaya kurum ya fito, yana cewa ba a sami wani faifai da za a tashi daga kansa ba.

Jama'a, ban san yadda zan kwatanta muku daren nan ba. A fahimtata ta lokacin, kwamfuta ta ce faifan babu komi a cikinsa, watau na goge Iya da hannuna. Kuma na riga na yi wa mahaifiyata alkawarin zan zuba mata hirarrakin a wayarta, ita ce ta ce in dakata tukuna sai zuciyarta ta yi sanyi. Da asuba ta ga idona ta ce, "Kai kuwa lafiya?" Na ce, "Lafiya lau, Umma, karatu ne." Ban iya haɗa ido da ita ba. Ƙarfe takwas na yi na saɓa jaka na tari bas ɗin da ta taso daga Kawo, kwandasta na ta kiran Kasuwa, Kasuwa.

Wanda bai san Kaduna ba, kasuwar nan tana bakin titin Ahmadu Bello ne, sunanta na hukuma Kasuwar Shaikh Abubakar Gumi, don tunawa da malamin da ya rasu a 1992, amma mutanen gari Kasuwa kurum suke cewa kowa ya gane. Na ratsa 'yan atamfa da 'yan takalma, hunturu na busawa, janareto na ta ruri ta ko'ina, har na isa wajen masu waya da kwamfuta. Shagon da na fara shiga na wani saurayi ne sa'ana, mai saurin hannu. Ya kunna, ya ga layin nan, bai ko zauna ba ya ce, "Fomat za a yi, Oga. Awa ɗaya ka karɓi abinka." Na ce kayan ciki fa? Ya ce, "Ai sun riga sun tafi." Ba na cewa mugu ne. Sana'arsa ta sauri ce, mutane na jira, kuma fomat, watau a share faifan kakaf a sake zuba manhaja, galibi tana tada kwamfuta. Sai dai magani ne irin na wanda ya ga ɓera a rumbu ya cinna wa rumbun wuta. Na rufe abata na fito, ƙafafuna na rawa. Wani mai sayar da caja da ya ga yadda nake shi ya nuna mini wani lungu, ya ce in tambayi shagon dattijon nan mai gyaran rediyo.

Shagon ƙarami ne, cike da gawawwakin rediyo da talabijin har rufi. Dattijon na zaune da tabarau a karan hanci yana liƙa wata waya da dalma, yaronsa na gefe. Na ce, "Sannu da aiki, Baba." Ya ce, "Yauwa samari, me ke tafe da kai?" Na ce kwamfutata ce ta mutu. Ya ɗago ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Ta mutu? Wa ya yi mata wanka? Zauna mu gani." Ya kunna, ya karanta layin nan a hankali har ƙarshensa, sa'an nan ya ce, "Mene ne abu na ƙarshe da ka yi mata kafin ta yi haka?" Kunya ta kama ni, na ce haka kurum ta yi. Ya yi dariya ya ce kowa ya shigo shagon nan haka kurum yake cewa, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Dole na faɗa. Ya ce kafin wannan fa? Na faɗa. Kafin shi fa? Haka ya yi ta ja na da baya da baya, har muka iso kan shuɗin allon nan. Da na ambace shi sai ya gyaɗa kai, bai ce komi ba.

Tambayarsa ta gaba ita ce ta sa na san na zo inda ya kamata. Ya ce, "Akwai abin da ke ciki wanda in ya ɓata ba za ka sami wani ba?" Na ba shi labarin Iya. Ya ture rediyon da ke gabansa gefe guda ya ce, "To, gyara ya dakata. In gida ya kama da wuta mutane ake fara fitarwa." Ya karɓi filashin nan nawa da ya jawo fitinar, ya soka, ya sa kwamfutar ta tashi daga kansa maimakon daga faifanta. Ashe Ubuntu tana iya gudana daga filash ba tare da ta taɓa komi na ciki ba. A jerin da ya fito ya zaɓi layin da ke cewa a tashi da hoto mai sauƙi. Ya ce wannan layin kalma ɗaya kurum yake ƙarawa, nomodeset, ma'anarta a ce wa manhajar kada ta yi wa na'urar hoto wata dabara, ta yi amfani da yadda ta same ta. Allo ya kawo, haruffa manya-manya kamar na littafin 'yan aji ɗaya, amma dai ya kawo. Ya buɗe faifan, ya ce in nuna masa inda na ajiye. Ga su nan, goma sha ɗaya cif, kowanne da kwanan watansa.

Ban san sa'ad da na ce alhamdu lillahi da ƙarfi ba, har mai shagon da ke kallonmu ya leƙo. Shi kuwa dattijon ko a jikinsa. Ya haɗa ni da yaronsa mu je mu sayo sabon filash, ya gargaɗe mu da na jabu, masu rubuta girman da ba su da shi, ka zuba kaya su nuna sun karɓa alhali sun zubar. Muna cikin kwashewa aka ɗauke wuta, ga batirin da na gaya muku halinsa, yaron ya zabura ya tada ɗan janaretonsu. Da aka gama bai yarda ba sai da ya zare filashin ya soka a wata kwamfutar ya buɗe hira ta ƙarshe. Muryar Iya ta fito tana cewa in matso da abin kusa, ba ta iya ɗaga murya. Na sunkuyar da kai. Ya kashe da sauri ya ce, "Allah ya ji ƙanta. Yanzu sai mu yi gyara."

Ya ce cutar biyu ce, kuma ta biyun ni na ƙara ta garin neman maganin ta farko, saboda haka ita za a fara warwarewa. Ga yadda ya bayyana mini, shekarun da zan kawo ne kurum na bincika da kaina daga baya. Tsohuwar hanyar tashin kwamfuta, wadda ta zo tun kwamfutar IBM ta 1981, ita ce na'ura ta leƙa farkon faifai, wani ɗan gurbi mai bayit 512, ta karanta abin da aka rubuta a can ta bi. Sabuwar hanya, UEFI, ba nan take dubawa ba, wani ɗan yanki ake ware mata a faifan inda kowace manhaja ke ajiye fayil ɗin da zai tashe ta. Faifaina a sabon tsari yake, ni kuwa na umarci na'urar ta nema ta tsohuwar hanya. Ya ce, "Ka aiki yaro ya ɗauko mabuɗi ƙarƙashin tabarmar zaure, alhali tuni an koma rataye shi a ƙusa. Ya dawo ya ce babu. Gidan ne ya ɓata?" Ya shiga bayos ya mai da komi yadda ya zo daga masana'anta. Jerin zaɓin nan, wanda ya ce sunansa GRUB, ya dawo. Ya danna Windows, ta buɗe kamar ba abin da ya faru.

Na ce, "Baba, ya isa haka, a cire ɗayar kurum in huta." Ya ce, "Ka biya kuɗin mota ka zo, ka tsaya ka ga ƙarshen abin mana. In ba haka ba wata rana za ka sake." Ya zaɓi Ubuntu, allo ya yi baƙi kamar jiya. Ya danna maɓallin manyan haruffa, 'yar fitilarsa ta kama, ya sake dannawa ta mutu. Ya ce, "Ka gani? Tana ji." Sa'an nan ya haɗa Ctrl da Alt da F3 ya danna tare, sai ga farin rubutu a kan baƙin allon yana tambayar sunana da kalmar shigata. Ya ce, "Tana kuma magana. Ba ta mutu ba, ba ta ko suma ba. Ido ne ba ya gani." Ashe duk daren da na kwana ina makoki, ita tana nan a farke tana jira a tambaye ta.

Domin kuwa tambayarta ya yi. Kwamfuta tana rubuta duk abin da ya faru gare ta tun daga kunnawa, layi bayan layi, kamar magatakarda. Ya sa ta ɗauko direban hoton a gabanmu, ta amsa da layi guda cewa an ƙi karɓar mabuɗinsa. Ya ce kalmar direba ita ke ruɗa mutane, da shi aka tambaya da tafinta zai ce, domin aikinsa ke nan, manhaja ta yi magana shi ya juya wa na'urar hoto da harshen da take ji. To, kwamfutocin da aka ƙera tun zamanin Windows 8, wadda ta fito a 2012, suna da wani mai gadi a cikin UEFI ana kiransa Secure Boot, wanda ba ya barin komi ya shiga wajen tashi sai mai ɗauke da hatimin da ya sani, don kada mugun abu ya laɓe ya riga kowa shiga. Tafintan da na ɗauko a kan kwamfutata aka harhaɗa shi, saboda haka ba shi da sanannen hatimi. Sai na'urar ta sassaƙa nata hatimin ta buga masa, kuma shuɗin allon nan da na tsallake ba komi yake nema ba sai in gabatar da hatimin ga mai gadi. Kalmar sirrin da na rubuta don a ƙyale ni ita ce shaidar cewa mai kwamfutar ne da kansa ke zaune gabanta. Daɗin daɗawa, saka sabon tafinta yakan sa a sallami na kyauta da ya zo da manhajar, ga shi kuma na ce duk magana ta bi ta babbar na'ura. Watau na kori tsohon, na bar sabon a bakin ƙofa, na kuma hana a yi magana da kowa sai shi.

Ya ce da yawa kashe mai gadin suke yi su huta, kuma hoto zai kawo, amma shi bai ga dalilin korar mai gadi don ya yi aikinsa ba. Ya buga wani umarni mai suna mokutil, ya sa ni na zaɓi sabuwar kalmar sirri, ya miƙo mini kwamfutar ya ce ni zan ƙarasa. Shuɗin allon ya dawo. Hannuna ya nufi layin sama don sabo, ya buge shi. Ya ce, "Kai ba ɗan jami'a ba ne? Karanta mana, ka fassara wa yaron nan da Hausa." Haka na yi ta karantawa ina fassarawa, layi na biyu yana cewa a yi wa mabuɗin rajista, na bi shi, na tabbatar, na rubuta kalmar, ta sake tashi. Allo ya kawo tas. Duk abin bai kai minti biyu ba.

Sa'an nan ya tambaye ni ko ina wasannin kwamfuta, na ce a'a. Ko ina haɗa fim, na ce a'a. Ya ce to babbar na'urar nan batiri kurum za ta riƙa sha mini, ya mai da aikin kan ƙaramar. Abin da na kusa rasa Iya saboda shi, a ƙarshe ajiye shi muka yi a gefe.

Na sha jin muna gardama a tarurrukanmu cewa da an fassara waɗannan abubuwa da Hausa da mutanenmu ba su wahala ba, kuma ina tare da masu wannan ra'ayi. Amma in zan faɗi gaskiya, ni ba Turanci ne ya kā da ni ba, ina jin sa daidai gwargwado. Da da ajami aka rubuta shuɗin allon nan ma tsallakewa zan yi. Wani abin kuma da na lura da shi, mu muna can muna ta kai-kawo a kan ƙirƙirar kalmomin kimiyya, su kuwa mutanen kasuwa tuni suna da nasu. Ta ƙi tashi dabam, ta sume dabam, ta makance dabam, kowacce da inda ake fara dubawa. Wanda ke neman abin da zai rubuta kundi a kansa, ga shi nan na ba shi kyauta.

Da na tambaye shi inda ya koyi wannan aiki sai ya ce shi asalinsa ma'aikacin lantarki ne a ɗaya daga cikin masaƙun Kakuri, can ƙetaren kogi. Da masaƙun suka shiga rufewa a shekarun 2000 ya koma gyaran rediyo, daga nan talabijin, da kwamfuta ta zo ya bi ta. Ya ce a masaƙa in inji ya tsaya ba a kwance shi, zaren da ya tsinke ake nema. Kuɗin da ya caje ni bai kai wanda saurayin farko ya nema ba, har na ji nauyin miƙa masa. Ina naɗe caja sai ya ce, in ba damuwa, in ɗan kunna masa wurin da tsohuwar ke maganar shiɓa. Na kunna. Muka yi shiru mu uku, janareto na ruri a waje, Iya na bayanin yadda ake naɗa sutu a jera a taskira. Ya cire tabarau ya ce rabonsa da jin kalmar nan tun yana yaro a gaban tasa tsohuwar.

Daren ranar na yi kwafi na uku na aika ma'ajiyar intanet. Filashin kuwa, da na isa gida bayan la'asar na tarar da Umma a tsakar gida tana tsince shinkafa, na durƙusa na faɗa mata duk abin da ya faru, na miƙa mata shi. Ta karɓa ta juya shi a tafin hannunta ta ce, "Duk Iya tana cikin ɗan wannan abin?" Na ce tana ciki. Ta ƙulle shi a haɓar zanenta, ta ce in tashi in ci abincina tun bai gama hucewa ba.